Yadda ake zana ƙanƙara a jikin ƙarfe: amsa kan bindigar tunawa da tafiyar Fram

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa maƙerin fari, wanda ya fara da zobba da awarwaro, yanzu kuma yana aiki a wani shagon zanen bindigogin farauta a Turai. Ga ta a taƙaice: wani mai hali ya kawo sabuwar bindiga mai sakata, irin ginin Mauser, wadda ba a riga an yi mata baƙi ba. Yana so a zane ta da hannu don tunawa da mutanen da suka je binciken ƙuryoyin duniya masu ƙanƙara. Ya ce a sa Amundsen da Scott da Shackleton da Nansen, a sa farin beyar da tsuntsun fengwin, a sa jirgi, a zuba zinariya. Ta ina za a fara, kuma ta yaya farar ƙanƙara za ta fito a jikin ƙarfe?

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa hannu albarka. Kafin ka wasa alƙalamin ƙarfe ko ɗaya, koma wurin mai bindigar nan ka rage masa buri. Abin da ya lissafa maka taron yuyuyu ne. Farin beyar a arewa kaɗai yake, fengwin kuwa ba ya zuwa yankin Aktik, ba su taɓa taka ƙanƙara ɗaya ba. Duk wanda ya san harkar, da ya gan su a bindiga guda zai yi murmushi ya ajiye ta. Ban da wannan ma, ina filin yake? Bindiga mai sakata ba ta da faffaɗan kumatu irin na mai baki biyu. Wuri mafi girma shi ne murfin gidan harsashi, faɗinsa bai fi yatsu biyu ba, tsawonsa bai kai tafin hannu ba. Sai kariyar kunama, da zoben gaba na uwar bindiga, wato ƙarfen da sakata take tafiya a cikinsa, da gadar baya, da hular mariƙi, da kan sakata. Mutum huɗu da jiragensu ba za su zauna a nan ba sai sun zama ɗigo-ɗigo.

Tafiya ɗaya za a zaɓa. In ni aka tambaya, ta Fridtjof Nansen ce a jirgin Fram, daga 1893 zuwa 1896, dalilina kuwa shi ne abin da za a yi zanen a kansa bindiga ce. A kudu bindiga ba ta da labari mai daɗi. Tsakiyar Antaktika babu dabbar da za a harba a ci, babu kuma wadda za ta kawo hari. Amundsen ya bar sansaninsa a Oktoba 1911 da karnuka 52, ya isa Ƙuryar Kudu ran 14 ga Disamba, amma babban aikin da harsashi ya yi a wannan tafiya shi ne kashe karnuka 24 a saman hawan ƙanƙara na Axel Heiberg don a ciyar da sauran karnukan da mutanen. A wurin Shackleton ma, bayan ƙanƙara ta murƙushe jirginsa Endurance ya nutse a Nuwamba 1915, mataimakinsa Frank Wild aka ɗora wa harbe karnukan. Manyan tafiye-tafiye ne, ba musu, amma agogo ko akwatin kamfas ya fi dacewa da tunawa da su.

A arewa kuwa bindiga ita ce rai. Colin Archer ya gina Fram da zagayayyen ciki, don in ƙanƙara ta matse shi ya zame ya hau samanta maimakon ya fashe. Jirgin ya bar Christiania, wato Oslo ta yau, a Yuni 1893, da gangan aka bar shi ya daskare a arewacin Siberiya, ƙanƙarar teku ta riƙa jansa. Da Nansen ya ga jan ba zai bi ta Ƙuryar Arewa ba, ran 14 ga Maris 1895 ya sauka shi da Hjalmar Johansen, da karnuka 28, da amalanken ƙanƙara uku, da ƙananan kwalekwalen kayak biyu. A farkon Afrilu suka tsaya a layin 86°14′ na arewa, inda ba wanda ya taɓa kaiwa kafin su, suka juyo. Bindigoginsu biyu ne, kowace da baki biyu: ɗaya na harsashi mai watsuwa, mai lamba 20, na harbin tsuntsu, ɗayan na harsashi guda mai faɗin kimanin inci .360. Da waɗannan suka ci abinci a mafi yawan wata goma sha biyar da suka yi a tafiyar. Sun yi hunturu a tsibiran Franz Josef cikin bukkar duwatsu da aka rufa da fatar walrus, wata ƙatuwar dabbar teku mai haure biyu, naman beyar safe da yamma, kitsen walrus a fitila, har wata takwas. Da suka haɗu da Bature ɗan Ingila Frederick Jackson ran 17 ga Yuni 1896 aka ɗora su a sikeli, sai aka ga ƙiba ma suka ƙara.

Akwai abin da ya faru a Agusta 1895 wanda na san mai bindigar zai ce shi yake so da zarar ya ji. Suna shirin tsallake wata tsagar ruwa, beyar ya lallaɓo ta bayan tudun ƙanƙara ya make Johansen ya kayar da shi rigingine. Bindigar Nansen tana cikin kubenta a kan kayak, kayak ɗin kuma ya zame cikin ruwa. Yana ta kokawar jawo shi, Johansen da ke ƙasa riƙe da maƙogwaron dabbar ya ce masa, cikin natsuwa har da ladabi, ya ɗan hanzarta in ba haka ba zai makara. Karnuka suka ɗauke hankalin beyar ɗin, Nansen ya samu ya harbe shi. Labari ne mai kyau a baki, amma kada ka yarda ka zana shi yadda yake. Mutum biyu, kare biyu, beyar, kwalekwale da ruwa a faɗin yatsu biyu, wanda ya riƙe bindigar curi kawai zai gani. In dole sai an taɓo shi, ɗauki daƙiƙar da ke gabansa: beyar babba a gaba, ya laɓe a bayan tudu, mutanen can nesa ƙanana sun ba shi baya suna jan kaya. Mai kallo zai ƙarasa sauran da kansa.

Ga yadda zan raba filin. Murfin gidan harsashi dogo ne siriri, saboda haka jirgin ya fi dacewa da shi, a ɗauko shi ta gaba a ɗan karkace, sandunan filafilansa uku su bi tsawon murfin, ƙanƙara ta taru a gindinsa. Beyar ya hau kariyar kunama. Hular mariƙi ta ɗauki 86°14′ a cikin tauraron kamfas. Zoben gaba ya ɗauki sunan jirgi da shekaru, amma tukuna tambayi maƙerin bindigar inda ƙafafun madubin hange za su zauna, don kada ka ɓata mako kana zana abin da za a rufe da ƙarfe. Sunaye su tafi kan bututu. A nan ina da magana ɗaya: sunan Johansen ya zama daidai da na Nansen a girma. Shi ne ya ja kaya, ya kwanta a jakar barci ɗaya da maigidansa, daga baya ya bi Amundsen kudu suka saɓa aka cire shi daga masu zuwa Ƙuryar, ya mutu a 1913 cikin ƙunci. Bindigar tunawa da ta manta da shi ba ta yi adalci ba.

Fuska kuwa, ka bar ta. Fuskar Nansen ta taɓa hawa takardar kuɗin Norwe, mutanen ƙasar sun san ta sarai, kuskuren rabin gashi a gefen ido zai mai da shi wani mutum dabam. Sa hannunsa ya fi sauƙi, ya kuma fi kyau a ƙarfe. In kuma kana cikin masu ƙyamar zana mai rai, wannan tsakaninka ne da malamanka, amma ka sani labarin nan ba ya rasa komai: jirgi, ƙanƙara, taswira, sai sawun beyar yana bin sawun amalanke a kan kariyar kunama. Ni sawun ma ya fi burge ni fiye da dabbar.

Kafin ka ja layi, tattara hotunan tafiyar kanta. Babban ɗakin karatu na ƙasar Norwe yana riƙe da hotunan Nansen. Kada ka je gidan tarihin Fram da ke Bygdøy a Oslo ka ɗauki hoto ka kwafa kai tsaye, domin jirgin da ke tsaye a can ba kamanninsa na 1893 ba ne. An ƙara masa bene kafin tafiyar Otto Sverdrup ta 1898, aka kuma cire injin tururi aka sa na dizal don tafiyar Amundsen a 1910. A hotunan tafiyar farko za ka ga injin iska mai fukafukai a tsaye a kan jirgin, wanda yake ba su lantarki. Sa shi, shi ne zai sa masani ya gane wace tafiya ce ba tare da ya karanta shekara ba. Tuta kuma ka yi hankali da ita: Norwe tana cikin tarayya da Suwidin har 1905, tutar hukuma ta lokacin tana da alamar tarayyar a kusurwa. Ko ka bi abin da hoto ya nuna, ko ka bar ta. Karnukan na Siberiya ne, ba na Girinlan irin na Amundsen ba. Manyan duwatsun ƙanƙara masu shafaffen kai da ake gani a hotunan kudu ba su da wuri a nan. Abin da ya kewaye Fram ƙanƙarar teku ce da ta karye ta hau kan juna, tudu-tudu. Sai taurari. Mai kuɗi yana son ɗigon zinariya a sama, to a watan Afrilu a 86° rana ba ta faɗuwa, ba tauraro ko ɗaya. Taurari da hasken nan mai rawa a sararin arewa na jirgin ne cikin dogon daren hunturu. Wannan ma wani dalili ne na zaɓar dare ga hoton murfin, ban da babban dalilin da zan zo kansa.

Yanzu ƙarfen. Kada ka ɗauka komai. Gwada kowane yanki a wurin da katako zai rufe, da ƙaramin magagari ko da bakin alƙalami. Tsohuwar uwar Mauser ta soja taurinta a fata yake, ciki da laushi, alƙalami zai riƙa zamewa a kanta kamar ba a wasa shi ba. Irin wannan sai an kashe taurin a yi zane, sannan a mayar, kuma aikin gwani ne mai tanderu, domin ƙarfe yana iya karkacewa sakata ta ƙi tafiya. Sababbi da yawa kuwa an ba su ruwa har ciki. Waɗannan ba a kai su wuta ko kaɗan. Ka nemi alƙalamin kabayid, ka miƙe goshinsa zuwa digiri 55 ko sama don bakin ya daina karyewa, ka rage zurfi, ka yi haƙuri. Haƙoran kulle na sakata ba naka ba ne. Lambar bindiga da hatimin gidan gwaji ma haka, zagaye su za ka yi, taɓa su laifi ne a doka. A kan ɗakin harsashi, inda duk matsin wuta yake taruwa, zane ya zama sama-sama, kuma ka shawarci maƙerin bindigar kafin ka haƙa ramin zinariya a wurin. Murfi da kariyar kunama galibi ƙarfe ne mai laushi, amma sa musu maganaɗisu, akwai na alminiyam, akwai kuma na zubi masu ɓoyayyun ramuka da ke buɗewa a tsakiyar aiki.

Guga da hannu ake yi, samfefa a naɗe a jikin katako ko ƙarfe shafaffe, daga mai lamba 320 zuwa 600, wurin hoton kuma ka wuce haka. Injin guga yana cinye kaifin gefe, yana mai da bakin ramin sukuru kwari, kuma ba zanen da zai ɓoye wannan. Ɗauki siffar kowane yanki da hayaƙin fitila da salatif, ka manna a takarda, ka faɗaɗa sau huɗu ko biyar ka yi zanenka, sannan ka mayar da shi ainihin girmansa ka riƙe a tsawon hannu. Duk abin da ya ɓace a wannan nisa, cire shi daga zanen.

To, ga ainihin tambayarka. Ba a zana ƙanƙara. Abin da ke kewaye da ita ake zanawa, a bar ta. Wahalar ita ce ƙarfe ba fari ba ne. Gogaggen ƙarfe madubi ne: ya kama haske ya yi fari fat, ka ɗan karkata shi ya koma baƙi ƙirin, ƙanƙararka ta zama kwalta. Saboda haka abu na farko shi ne ka kashe ƙyallin. Wurin da zai zama fari ya samu dusasshiyar fuska iri ɗaya, wadda take watsa haske ta kowace kusurwa, ko ta hanyar guga ta ƙarshe mai bin hanya ɗaya, ko ta ruwan asid mai sauƙi da ake mai da ƙarfe toka-toka da shi bayan an gama. Ka san tun farko wanne za ka yi, domin farin da za ka samu a ƙarshe shi ne mafi hasken launinka, sauran duk daga shi ake aunawa.

Abu na biyu, fari ba ya fitowa sai da baƙi a gefensa, shi ya sa na ce dare. Sararin sama shi ne mafi duhu a hoton: layuka sirara a kwance, kusa-kusa, sannan wasu su ratsa su a ɗan karkace, ba a miƙe kamar raga ba, sai ɗigo a tsakani inda kake son duhun ya cika. Duhun ya fi ƙarfi a sama, ya ɗan sassauta yana saukowa, amma kada ya sassauta har ya haɗe da ƙanƙara. Inda sama ta taɓa tudu, nan ne gefen tudun yake fitowa ba tare da ka ja masa layi ba. Jikin jirgin shi ne duhu na biyu. Daga nan duk abin da ya rage na ƙasa fari ne, kuma yawancinsa alƙalami ba zai taɓa shi ba. A nan masu koyo suke faɗuwa. Hannu ya saba cike fili, ido yana ganin wurin da ba a taɓa ba kamar aikin da ba a gama ba, sai a yi ta ƙara ɗigo har dusar ƙanƙara ta koma yashi. In ka ji hannunka yana ƙaiƙayi, ajiye alƙalamin ka tashi ka sha ruwa.

Kowane ɓangaren ƙanƙara da ya karye yana da fuskoki shafaffu masu kaifin gefe. Zaɓi gefen da haske yake fitowa, wata ne a nan, ka tsaya a kansa har ƙarshe. Fuskar da ke kallon haske ba layi ko ɗaya, har gefenta ma kada ka zagaye. Fuskar da ta ba shi baya ta samu layuka miƙaƙƙu a jere, su fara da ɗan zurfi daga kaifin gefe su siranta su ɓace, alƙalamin yana fita daga ƙarfe a hankali. Kowane ɓangare layukansa su bi tasa karkatar, wannan ne yake nuna an tara su ne birkice. Ƙarƙashin inda wani ya hau wani, sa ɗan baƙi mai ƙarfi, ƙarami, kamar tsaga. Dusar da iska ta tara kuwa ba ta son layi, ɗigo take so, ƙanana ƙwarai, masu yawa a gindin tudu suna raguwa har su ƙare ba a ga inda suka ƙare ba. Hasken da ke ƙasa-ƙasa yana jan inuwa ta yi tsawo, inuwar jirgin da ta kwanta a kan fili ita za ta gaya wa ido cewa filin nan shimfiɗaɗɗe ne. Nesa kuma, ka tuna yadda hazon hunturu yake cinye bishiyoyin da ke can bakin gona: tudun gaba mai kaifi da duhu, na tsakiya rabin haka, na ƙarshe ɗigo kaɗan kawai.

Igiyoyin jirgi suna da tasu matsala. A daren hunturu raɓa tana daskarewa a jikinsu su yi fari, ga shi kuma bayansu baƙin sama ne. Barin siririn fari a tsakanin layukan sama aiki ne mai cin rai. Hanya mafi sauƙi ita ce ka gama sama, ka sa baƙin tawada, sannan ka yanka igiyoyin a ƙarshe da alƙalami mai gogaggen baki, yanka ɗaya ba komawa, ka bar su ba tawada su riƙa walƙiya. Kuma rage yawansu. Ɗaya cikin uku ya isa ido ya yarda jirgi ne.

Beyar ba fari ba ne kamar dusar da yake takawa, gashinsa yana da ɗan ruwan ɗorawa, don haka shi ne zai ɗauki launi kaɗan, ƙasa ta zauna fari. Gajerun layuka masu bin kwanciyar gashi, masu yawa a ƙarƙashin ciki da bayan ƙafa da wuya, kusan babu a gadon baya. Baƙi sosai wuri uku ne: hanci, ido, farata. Siffarsa kuma ka kiyaye, dogon wuya, ƙaramin kai, ƙananan kunnuwa, ƙugu ya ɗara kafaɗa tsawo, tafin ƙafa faffaɗa. Da ka sa masa tozo a kafaɗa ya zama beyar ɗin daji da aka shafa wa farar ƙasa.

Akwai zaɓin da sai ka tambayi mai bindigar kafin ka yanke: kabad za ta zauna ko daji za ta shiga? Salon bulino na mutanen Gardone Val Trompia a Italiya, wanda irin su Firmo Fracassi suka kai ƙarshe, ɗigo ne da ƙananan layuka da sai da madubin ƙara girma ake ganinsu, kuma ba abin da ya kai shi nuna hazo da dusa. Amma sama-sama yake, murfin gidan harsashi kuwa nan ne tafin maharbi yake riƙewa in yana tafiya. Shekaru kaɗan na gumi da safar hannu za su dusashe shi. In bindigar aiki ce, irin wadda za a ɗauka zuwa Svalbard, tsibiran Norwe a yankin Aktik, inda har yau ba a fita bayan gari sai da abin kare kai daga beyar, to gina hoton da layi mai ɗan zurfi irin na takardar kuɗi, ɗigo ya zama na gyara kawai. Ko da hannu kake turawa, ko kurfi da guduma, ko alƙalami mai aiki da iska irin na GRS ko Lindsay, duk hannu ne yake jan layin. Kada wani ya ruɗe ka da cewa ɗaya ne kaɗai na gaskiya.

Zinariya kaɗan. Wuri mai sanyi ne ake nunawa, rawaya mai yawa tana ɗumama shi. Inda ta fi amfani shi ne sunaye, da siririn zobe a gindin bututu da bakinsa, da taurari 'yan kaɗan. In akwai fili a takalmin gindi na ƙarfe, taswira tana kyau a nan: hanyar da ƙanƙara ta ja jirgin da zaren zinariya, hanyar mutum biyun da farin zare. Farin ya zama filatinam. Azurfa ka fi sabawa da ita, na sani, amma tana yin baƙi, kuma tauraron da ya yi baƙi ba shi da amfani. Zinariyar ta zama tsantsa, karat 24, ka gasa ta ta yi laushi. Yanka rami daidai kaurin zaren, ka shiga ƙarƙashin gefensa biyu da siririn alƙalami don cikin ya fi bakin faɗi, ka tayar da ƙananan haƙora a ƙasan, sannan ka bi zaren da madoshin tagulla kana dannawa kaɗan-kaɗan har ya bazu ya kama. Aske abin da ya yi sama, ka goge ya yi daidai da ƙarfe. Duk aikin zinariya a gama shi kafin inuwa da ɗigo, in ba haka ba gugar za ta share su.

Adon da zai kewaye hotunan ma ya fito daga ƙasar. Ƙananan furanni da murɗe-murɗe irin na bindigogin Landan suna da kyau, amma ba ruwansu da Fram. A ƙarshen ƙarni na 19 Norwe tana yayin salon dodanni masu sarƙewa da juna, wanda aka ɗauko daga sassaƙar tsofaffin cocin katako irin na Urnes, kuma zamanin Nansen ke nan daidai. Sarƙaƙƙen zare irin wannan, siriri, a gefen zobe da gada, da igiyar jirgi a matsayin iyaka, ya isa. In za ka sa ƙwayar dusar ƙanƙara a kan sakata, hannuwanta shida ne. Mai takwas ɗin da kake gani a safar hannun ulu ta Norwe furen Selbu ne, ado ne na saƙa.

Rubutu shi ne wurin da kowa yake iya kama ka, ko wanda bai san zane ba yana ganin harafin da ya karkace. Haruffan Rumawa masu sauƙi, a auna tazara a takarda, a sake aunawa a kan lanƙwasar zoben domin lanƙwasa tana matse na gefe. In sunan gari zai shiga, kamar Vardø inda mutum biyun suka sauka ran 13 ga Agusta 1896, ko Skjervøy inda jirgin ya iso bayan mako guda, kada ka manta da layin da ya ratsa harafin. Za ka ga wasu sun rubuta 86°13.6′, lissafi ɗaya ne aka cike. Ku zaɓi ɗaya da mai bindigar a rubuce.

Wajen gamawa, launin ƙona ƙashi da gawayi mai shuɗi da ja yana da kyau a bindiga, amma zai haɗiye hoton ƙanƙara gaba ɗaya. Murfi da kariyar kunama da hular mariƙi su zauna toka-toka, bututu ya sha baƙin tsatsa na gargajiya don zinariya ta fito. Ƙarfe mai toka ba shi da kariya, sai an shafa masa siririn man kariya (varnish) ko kaki, a kuma gaya wa mai shi ya riƙa sabuntawa. Idan ya kawo maganar a dasa hauren walrus ko na narwal, wata dabbar teku mai dogon haure, a katako don ya dace da labarin, ka ce a'a. Dokokin cinikin haure za su iya hana bindigar tsallake iyaka, ƙahon bauna baƙi ya wadatar. Uwar bindiga da bututu kuma su zauna a shagon da ke da lasisi, kada ka ɗauke su zuwa gida don ka ƙarasa da dare.

Kafin duk wannan, samo farantin ƙarfe irin na murfin, mai lanƙwasa iri ɗaya, ka yanka rabin hoton a kai: kusurwar sama, gaban jirgin, tudu biyu. Gama shi har toka da tawada, ka duba shi a ƙarƙashin fitila ɗaya, ka fita da shi rana, ka juya shi ta kowane gefe. Shi za ka kai wa mai bindigar tare da zanen takarda, domin mutumin da ya zo da sunaye huɗu da dabbobi biyu ba zai yarda da fili fari a takarda ba sai ya ga yadda yake a ƙarfe. In ya amince ya sa hannu a kan zanen da kwanan wata. Gaya masa aikin watanni ne, kuɗin kuma kashi uku: na farko kafin a fara, na biyu in an gama zinariya da ado, na uku ranar da aka ɗaura bindigar aka daidaita tsagar kawunan sukuru suka kalli hanya ɗaya.